BABI NA HUƊU: ISAWA A ALƘALAMIN WASU, SHARHI A KAN RUWAYAR LIKITA MILLER

4.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an kawo bayani a kan yanayin malanta a ƙasar Kano da ta Zazzau a ƙarni na 19. Wannan babi zai yi sharhi ne a kan yadda aka rubuta labarin Isawa, wato mabiyan Malam Ibrahim wanda aka kashe a Kano wajen shekarar 1867. Za a fi mayar da hankali ga ruwayar 'yan mishan, wadda Likita Walter Miller ne tushenta, musamman a littafinsa mai suna Reflections of a Pioneer (1936). Domin a auna wannan ruwaya, za a kwatanta ta da yadda aka rubuta labarin wasu ƙungiyoyi na farkon Kiristanci waɗanda manyan coci suka kira 'yan bidi'a. Manufar babin ita ce a nuna cewa ruwayar Miller ta adana labarin da ya kusa ɓata, amma ta karanta Isawa ne daga ƙarshen labarinsu, har ta mayar da su Kiristocin da ke jiran bishara, alhali kuwa tushen aƙidarsu yana cikin karatun allo da na zaure na ƙasar Hausa.

4.1 Isawa a Taƙaice

Malam Ibrahim malami ne da ya yi zamani a Kano lokacin Sarki Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau gadon sarauta a 1855. Ruwayoyi sun haɗu a kan cewa ya zurfafa nazari a kan ayoyin Alƙur'ani da suka ambaci Annabi Isa (A.S.), har ya kai ga fifita shi da ba shi matsayin da malaman birni ba su yarda da shi ba. Da almajirai suka taru gare shi, sai aka kira shi fada aka nemi ya janye. Ya ƙi, aka kashe shi a kasuwar Kano ta hanyar tsirewa. Almajiransa suka warwatsu, wasu suka nufi duwatsun Ningi, wasu kuma suka shiga ƙauyukan da ke kan iyakar Kano da Zazzau. Daga cikin sunayen da aka san su da su akwai Isawa da kuma Bani Isra'ila.

Shi kuwa Miller likita ne ɗan ƙasar Ingila, na ƙungiyar mishan ta C.M.S. Yana cikin ayarin Bishop Tugwell da ya isa Kano a 1900, wanda Sarki Alu ya sallama ba tare da ya ba su wurin zama ba. A 1905 Miller ya zauna a cikin birnin Zariya, ya buɗe makaranta da ɗakin shan magani. A 1913 wasu daga cikin zuriyar almajiran Malam Ibrahim suka zo wurinsa, daga nan aka kafa zangon Kirista a Gimi. Ba a daɗe ba ciwon barci ya auka wa zangon, ya kashe mutane da yawa, aka kwashe yaran da suka rage zuwa makarantar mishan ta Zariya, wadda daga baya ta koma Wusasa wajen 1929. Ana lissafa Farfesa Ishaya Audu, shugaban Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, cikin waɗanda suka fito daga wannan tsatso.

4.2 Darasi Daga Farkon Kiristanci

Kafin a shiga ruwayar Miller, ya dace a duba wani misali da ya girme ta da ƙarni goma sha bakwai, domin matsalar iri ɗaya ce. A ƙarni na 2 na miladiyya mabiya Almasihu ba su kasance a kan fahimta guda ba. Akwai Ebiyonawa, waɗanda sunansu ya fito daga kalmar Ibrananci mai ma'anar matalauta. Su sun ɗauki Isa mutum ne zaɓaɓɓen Allah, suna riƙe da shari'ar Annabi Musa, suna yin kaciya, kuma ba su yarda da Bulus ba. Akwai kuma waɗanda ake kira 'yan Gunusiyya, daga kalmar Girkanci mai nufin sani ko ma'arifa. Fitattun malamansu su ne Basilidis, wanda ya koyar a Iskandariyya, da Balantinus, wanda ya je birnin Rum wajen shekara ta 140. Ginshiƙin koyarwar da yawa daga cikinsu shi ne cewa nassi yana da zahiri da baɗini, kuma duniyar nan aikin wani ƙaramin mahalicci ce, Allah Maɗaukaki yana can nesa da ita. A ganinsu akwai wani ɗigon haske a cikin ɗan'adam wanda ya manta asalinsa, kuma tsira ita ce ya farka ya gane inda ya fito.

Tsawon ƙarnoni, kusan duk abin da aka sani game da waɗannan mutane ya fito ne daga alƙalamin abokan hamayyarsu. Ireniyus, bishop na birnin Liyon da ke Faransa ta yau, ya rubuta littafi mai juzu'i biyar wajen shekara ta 180 domin rusa koyarwarsu. Epifaniyus kuma, wajen 375, ya jera ƙungiyoyi 80 a littafi guda, ya kwatanta su da macizai da ƙwari masu dafi. Bayan taron Nikiya na 325, da wasiƙar Atanasiyus ta 367 wadda ta lissafa littattafai 27 na Sabon Alkawari, sai littattafan waɗancan ƙungiyoyi suka riƙa ɓacewa.

A watan Disamba na 1945 ne wasu manoma suka haƙo wani tulu kusa da Naj Hammadi a kudancin Masar. A cikinsa akwai kundaye 13 masu ɗauke da rubuce-rubuce 52 cikin harshen Ƙibɗawa, ciki har da Linjilar Toma mai zantuka 114. Da masana suka karanta su, sai suka ga Ireniyus ya faɗi gaskiya a wurare da dama, domin an sami tatsuniyoyin halitta irin waɗanda ya bayyana. Haka kuma suka ga abin da ya bari a baya: addu'o'i da waƙoƙin yabo da tunani mai zurfi a kan mutuwa da wahala, da kuma cewa da yawa daga cikin marubutan suna ɗaukar kansu Kiristoci ne kawai. Darasin da ke nan shi ne, mai ba da labarin wani yana iya kawo gaskiya, amma yakan zaɓi gaskiyar da ta dace da buƙatarsa. Da wannan ma'auni za a auna ruwayar Miller.

4.3 Ƙarfin Ruwayar Miller

Adalci ne a fara da abin da ruwayar ta ci nasara a kai. Da farko, Miller ya ji Hausa sosai, har yana cikin manyan waɗanda suka yi aikin fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, wanda aka buga a 1932. Saboda haka ya saurari Isawa da kunnensa ba tare da tafinta ba, kuma ya zauna da su shekara da shekaru. Na biyu, ya rubuta labarin talakawa a zamanin da rubutaccen tarihi na sarakuna ne. Littafin Tarihin Kano, alal misali, idan ya zo kan zamanin Abdullahi Maje Karofi abin da ya fi ba ƙarfi shi ne yaƙe-yaƙe, musamman tsakanin Kano da Ningi. Manazartan da suka biyo baya, irin su Crampton (1975) da Linden (1982), duk sun amfana da abin da Miller ya bari. Don haka duk mai sukar ruwayar, a kan tabarmar da Miller ya shimfiɗa yake zaune.

4.4 Raunin Ruwayar

Rauni na farko shi ne tazarar lokaci. Tsakanin kisan Malam Ibrahim da zuwan Isawa wurin Miller akwai shekara arba'in da wani abu, sannan aka ƙara shekara 23 kafin littafin ya fito. Waɗanda suka ba shi labari 'ya'ya ne da jikokin almajirai, kuma a lokacin sun riga sun karkata ga mishan. Duk wanda ya san yadda labari ke tafiya a bakin Hausawa ya san cewa zance idan ya daɗe yakan ɗauki kamannin mai faɗarsa da na mai sauraronsa. Ruwayar da ke cewa Malam Ibrahim ya yi wa almajiransa wasiyyar su jira wasu baƙi da za su zo da cikakken labarin Isa ta dace ƙwarai da bukatar ɓangarorin biyu: su Isawa ta ba su hujjar cewa ba su bar tafarkin kakansu ba, shi kuma Miller ta ba shi shaidar cewa Allah ne ya share masa hanya. Dacewar da ta yi yawa haka dalili ne na yin taka-tsantsan.

Rauni na biyu shi ne masu karatun da aka rubuta wa littafin. An rubuta shi da Turanci, an buga shi a Landan, domin magoya bayan mishan. Miller ya yi shekaru a birnin Zariya, a zamanin Sarki Aliyu Ɗan Sidi, yana fama da ƙarancin mabiya da kuma takurawar jami'an mulkin mallaka, waɗanda ba sa son a taɓa addinin masarautu. A irin wannan hali labarin Gimi ya zama amsa ga masu cewa wa'azi a ƙasar Musulmi ɓata lokaci ne. Saboda haka ruwayar ta ginu kamar labari mai farko da ƙarshe: malami ya ga haske, an kashe shi, almajirai sun jira, mishan ta iso. Abin da bai shiga wannan tsari ba sai ya koma gefe, musamman Isawan da ba su je Gimi ba, waɗanda suka ci gaba da zama a ƙauyukansu riƙe da Alƙur'ani.

Rauni na uku, wanda ya fi sauran nauyi, shi ne cire Isawa daga muhallin da ya haife su. Malamin zaure a Kano ba ya bukatar baƙo kafin ya san Annabi Isa. An ambaci sunansa sau 25 a Alƙur'ani, kuma labarin haihuwarsa da mu'ujizojinsa yana cikin Suratu Ali Imrana da Suratu Maryam da Suratul Ma'ida. A Suratun Nisa'i an siffanta shi da kalma da kuma ruhi daga Allah, siffofin da masu neman ma'anar baɗini suka daɗe suna tsayawa a kansu. Bugu da ƙari, ƙarni na 13 na hijira, wanda ya ƙare a 1882, zamani ne da jama'ar ƙasar Hausa suka cika da jiran Mahadi da fitowar Dujal da saukowar Annabi Isa. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da kansa sai da ya yi rubutu yana musanta cewa shi ne Mahadi. A cikin wannan fahimta, Isa shi ne mai adalcin ƙarshen zamani wanda zai sauko bayan zalunci ya cika ƙasa. Duk malamin da ya ɗaga sunansa a lokacin, to magana yake yi a kan masu mulki, ko ya ambace su ko bai ambace su ba.

Akwai hujjoji biyu na tarihi da ke ƙarfafa wannan karatu. Ta farko ita ce wurin da almajiran suka gudu. Tun wajen 1846 Malam Hamza na Tsakuwa da jama'arsa suka bar ƙasar Kano saboda rikicin haraji, suka kafa zama a duwatsun Ningi, kuma magadansa irin su Ɗanmaje suka daɗe suna yaƙar Kano, kamar yadda Patton (1975) ya yi nazari. Wato Isawa sun bi hanyar da malamai masu jayayya da fada suka riga suka buɗe. Ta biyu ita ce Satiru, kusa da Sakkwato, inda a 1906 ɗaya daga cikin jagororin tawaye, mai suna Isa, aka ɗauke shi a matsayin Annabi Isa da ake jira. Babu wanda ya taɓa cewa mutanen Satiru Kiristoci ne masu jiran mishan. Wannan ya nuna cewa sunan Isa yana da aikin da yake yi a cikin siyasa da addinin ƙasar Hausa tun kafin Miller ya sauka Zariya.

4.5 Haɗarin Kwatance

Da yake wannan babi ya yi amfani da kwatance, wajibi ne a nuna iyakarsa. Mai karatu zai iya ganin kamanni tsakanin Isawa da Ebiyonawa: dukansu sun girmama Isa tare da riƙe tauhidi, dukansu talakawa ne, kuma sunan Bani Isra'ila yana tuna wa mutum mabiya Almasihu na farko waɗanda Yahudawa ne. Har ila yau, Ireniyus ya ruwaito cewa Basilidis ya koyar da cewa Siman mutumin Kurane aka gicciye a madadin Isa, kuma an sami irin wannan magana a ɗaya daga cikin rubuce-rubucen Naj Hammadi. Musulmi zai ji wannan ya tuna da aya ta 157 ta Suratun Nisa'i. Amma kama da wane ba ta wane. Dalilin 'yan Gunusiyya na ƙin gicciyewa shi ne ganin da suke yi wa jiki a matsayin kurkuku wanda mai ceto na sama ba zai wahala a cikinsa ba, kuma wannan ya ginu ne a kan raba Allah Maɗaukaki da mahaliccin duniya, abin da ya saɓa wa tauhidin da Malam Ibrahim ya tashi a cikinsa. Tsakanin Iskandariyya ta ƙarni na 2 da Kano ta ƙarni na 19 akwai shekaru fiye da 1,600, kuma abin da ya cike wannan tazara a hannun malamin Kano shi ne Alƙur'ani da tafsiri da ƙissoshin annabawa.

Saboda haka amfanin kwatancen yana ga hanyar rubuta tarihi. A duka wuraren biyu an sami masu karatu da suka ga wata ma'ana a cikin nassin da kowa ke karantawa, hukuma ta ɗauki karatun nasu barazana, sannan wasu suka rubuta labarinsu. Bambancin kawai shi ne Ireniyus ya rubuta da ƙiyayya, Miller kuwa da ƙauna. Sai dai ƙauna ma tana iya rufe muryar wanda ake ƙauna, idan mai rubutu ya riga ya yanke inda labarin zai ƙare.

4.6 Muhimmancin Batun a Yau

Wannan batu ya wuce gardamar masana tarihi, musamman a Jihar Kaduna, inda rikicin Kafanchan na 1987 ya bazu har Zariya da Wusasa, sannan na Zangon Kataf ya biyo baya a 1992. A irin wannan jiha labarin Isawa yana da saurin zama makami. Wani zai ɗauke shi hujjar cewa Alƙur'ani da kansa yana kai mai karatu coci, wani kuma zai ɗauke shi hujjar cewa duk wanda ya kauce wa malaman gari ƙarshensa ridda. Dukansu sun karɓi tsarin Miller ke nan ba tare da bincike ba, sun bambanta ne kawai wajen murna ko baƙin ciki da ƙarshen labarin.

Akwai kuma ɗabi'ar zuba duk masu saɓani cikin ƙwarya ɗaya, irin yadda Epifaniyus ya yi da ƙungiyoyinsa 80. Ta haka ne za a iya jera Isawa tare da 'yan Maitatsine na Kano na 1980, ko ƙungiyar Ansaru wadda ta ɓalle daga Boko Haram a 2012, kuma aka ba da rahoton ta yi sansani a dajin Birnin Gwari a wajejen 2020 zuwa 2022. Abin da ya haɗa su shi ne saɓa wa malaman gari da kuma fakewa a inda hannun hukuma bai cika kaiwa ba, ko unguwa ce ko dutse ko daji. Amma mutanen Birnin Gwari sun san Ansaru ne da bindiga, alhali kuwa laifin da ruwayoyi suka ce an kama Malam Ibrahim da shi karatu ne da wa'azi. Manazarcin da ya kira su duka da suna ɗaya ya zalunci wanda aka tsire a kasuwa, kuma ya rage wa ta'asar masu bindiga nauyi.

4.7 Naɗewa

A wannan babi an ga cewa ruwayar Miller ita ce babbar ƙofar shiga tarihin Isawa, kuma tana da darajar wanda ya ji da kunnensa ya gani da idonsa. An kuma ga rauninta ta fuska uku: tazarar lokaci, da bukatar masu karatun da aka rubuta wa, da cire Isawa daga yanayin jiran Mahadi da jayayyar malamai da fada. Misalin Naj Hammadi ya nuna yadda hoton ƙungiya ke sauyawa idan aka ji ta bakinta. Dangane da Isawa, hanyar jin wannan murya ita ce tattara ruwayoyin baka daga zuriyarsu ta ɓangarorin biyu, wato waɗanda suka shiga coci ta hanyar Gimi da Wusasa da waɗanda suka tsaya a ƙauyukansu, tare da bincika takardun ajami da na Larabci da ke hannun iyalai da kuma rahotannin jami'an mulkin mallaka da ke Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa a Kaduna. Babi na biyar zai duba yadda sunan Annabi Isa ya fito a cikin rubutattun waƙoƙin wa'azi na ƙarni na 19, domin a ga irin karatun da Malam Ibrahim da almajiransa suka tarar a gabansu.